Ra'ayinmu: Wa Zai Ci Gaba Da Biyan Kuɗin Kundin Makiyaya?

'Yan'uwa da dama sun aiko mana saƙo, wasu kuma sun tare mu a kasuwar shanu, suna tambayar abin da ya sa allon farashi da ke ƙofar ofishinmu a nan Dapaong ya daina sauyawa, kuma saƙon da aka saba turo musu ta waya kowace ranar kasuwa ya ɗauke. Wani dattijo daga wajen Mango har cewa ya yi ko alli ne ya yi tsada. Ba za mu yi muku rufa-rufa ba. Kuɗin furoje ne ya ƙare. Yaran da ke zagayawa suna rubuto labari ba su da man babur, ba su da katin waya, kuma ba za mu iya cewa su bar gonakinsu da garkunan iyayensu su ci gaba da yi mana aiki da bakin yunwa ba.

Saboda waɗanda ba su san yadda abin yake ba, bari mu ɗan yi bayani. Abin da muke kira kundin makiyaya abu uku ya ƙunsa. Akwai taswirar burtalai da mashaya da wuraren da garke ke yada zango, waɗanda aka bi da ƙafa aka auna, tare da takardun da sarakunan ƙauyuka suka sa wa hannu. Akwai farashin sa da saniya da karsana da rago da dusa da angurya, kamar yadda aka saye aka sayar a kasuwannin Sinkase da Kunjoware da Dapaong da Mango. Sai kuma labarin ruwa da ciyawa da cuta: tafkin da ya ƙafe, fanfon da ya lalace, inda boru ko ciwon huhu ya ɓulla. Sharaɗin wannan kundi tun ranar da aka fara shi shi ne a buɗe yake. Makiyayi da falke da mahauci da manomi da malamin dabbobi da ma'aikacin gwamnati, kowa yana iya dubawa, ya kwafa, ya tafi da shi, ba tare da ya biya ko dala ɗaya ba. Wanda ya iya intanet ya duba can, wanda bai iya ba ya zo ofis a buɗe masa takarda.

Ko akwai amfani a cikinsa? Wanda ya taɓa tsayawa gaban kwamitin sasanta rikici ba zai yi wannan tambaya ba. Dokar da shugabannin CEDEAO suka sa wa hannu a Abuja cikin watan Oktoban 1998 ta ba makiyayi izinin ƙetare iyaka da dabbobinsa, muddin yana riƙe da takardar shaida mai nuna yawan garken da allurar da aka yi masa da hanyar da zai bi, kuma ta ce lalle ya bi burtalin da ƙasashe suka keɓe. To amma burtalin da ba a rubuce yake ba, kowace damina gona tana gutsurar kamu ɗaya ko biyu daga gefensa, har ranar da makiyayi zai wayi gari ya ga auduga a inda kakansa ya bi da shanu. A lokacin nan shi ne mai laifi. Mun ga haka da idonmu shekaru biyu da suka wuce, lokacin da aka kama shanun wani ɗan'uwa aka ce sun yi ɓarna, aka yanka masa tarar da sai ya sayar da bijimai kafin ya biya. Da muka shimfiɗa taswira a gaban kwamiti, aka ga inda turakun siminti suke a da, aka kuma karanta takardar da sarkin ƙauyen da kansa ya dangwala wa hannu, sai magana ta sauya. Manomin ma bai tashi a tutar babu ba, domin an biya shi abin da shanun suka ci a cikin gonarsa ta asali, an kuma rabu ba tare da an zare adda ba. Ranar nan takarda guda ta yi aikin da baki ɗari ba su yi ba.

To wa ya biya kuɗin wannan takarda? A nan ne muke so iyayenmu ardo-ardo da Alhazai fatake su ba mu hankalinsu. Wata ƙungiya ta ƙasar waje ce, wadda ba sai mun ambaci sunanta ba, ta sayi wayoyin da na'urar auna hanya da babur, ta biya horo, ta riƙa ba yaran ɗan abin sabulu kowane wata. Mun gode mata, kuma ba ta yaudare mu ba, domin tun ranar farko ta gaya mana wa'adinta shekara uku ne. Laifin namu ne. Mun ji an ce shekara uku, muka ɗauka kamar ba za ta zo ba. Babu wanda ya tashi a cikinmu, har da mu masu riƙe da ofis, ya tambaya daga ina man babur zai fito a shekara ta huɗu. Abin da ya fi ba mu kunya ma shi ne, da aka rufe furojen sai muka tarar mabuɗin sirri na shiga kundin a intanet yana hannun mutum ɗaya, ma'aikacin da suka ɗauka, shi kuwa ya riga ya samu wani aiki a Lome. Sai da muka yi wata biyu muna bin sa a waya kafin muka iya shiga abin da muka tara da guminmu. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, mun kuwa gani.

Kada wani ya zaci wannan ƙaramar matsala ce ta ƙaramar ƙungiya. Akwai wani babban shiri na Amurka mai suna FEWS NET, wanda aka kafa a 1985 bayan yunwar da ta auka wa Habasha da ƙasashen Sahel. Shekara arba'in yana tattara labarin ruwan sama da amfanin gona da farashin hatsi da na dabbobi, yana bugawa kyauta, gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji na duniya duk da shi suke aiki. A ƙarshen watan Janairun 2025, da sabuwar gwamnatin Amurka ta dakatar da kuɗin taimakon ƙasashen waje, sai aka wayi gari shafinsa ya rufe ruf. Bai dawo ba sai a watan Yuni, ita kuwa hukumar USAID da ke biyansa an rufe ta a farkon watan Yulin wannan shekara. Watannin da ya yi a rufe su ne na rani da bazara, daidai lokacin da makiyayin Sahel ya fi bukatar a san halin da yake ciki. Idan abu mai shekara arba'in da miliyoyin daloli zai iya mutuwar wata biyar saboda sa hannun mutum ɗaya a Washinton, ina ga namu allon?

Haka nan manyan furojoji ba lalle ne su iso gare mu ba. Shirin PRAPS da Bankin Duniya ya fara a 2015 da dalar Amurka miliyan 248 na ƙasashe shida ne: Burkina Faso da Mali da Nijar da Cadi da Muritaniya da Senegal. Togo ba ta ciki, alhali kuwa shanun da aka yi shirin dominsu da yawansu nan suke cin rani, ko su bi ta Sinkase a mota zuwa Lome. Ga kuma Burkina da Mali da Nijar sun fice daga CEDEAO a watan Janairun 2025, wato ƙasashen da garkunan ke fitowa daga cikinsu ba sa zama a teburi ɗaya da mu kamar da. Duk wanda ke jiran wani daga sama ya zo ya riƙe mana kundi, to ya gyara zama.

Mun duba yadda wasu suke yi, domin ba mu ne farkon shiga wannan hali ba. Ƙungiyar Billital Maroobe, wadda makiyayan Nijar da Burkina da Mali suka kafa a 2003, tana da wakilai a ƙasa masu aika rahoto, kuma a 2020 lokacin da cutar korona ta sa aka rufe iyakoki da kasuwanni, rahotanninsu ne suka nuna wa duniya garkunan da suka maƙale. Ƙungiyar Action Contre la Faim ita ma tana da irin waɗannan wakilai a ƙasashen Sahel, suna turo labari ta waya kowane mako, a haɗa shi da hoton ciyawa da tauraron ɗan'adam ke ɗauka, a buga kowa ya gani. Aiki ne mai kyau ƙwarai, amma shi ma da kuɗin masu ba da taimako yake tafiya. A Mali kuwa tun 2017 akwai Garbal, wanda gwamnatin Holan ta taimaka aka kafa tare da kamfanin waya na Orange. Makiyayi ya buga waya, ya biya kuɗin kira, a gaya masa inda ruwa da ciyawa suke da yadda kasuwa take. Wannan dabara tana shigo da kuɗi, ba mu musa ba. Sai dai mu ba ita muke so wa kundinmu ba, domin ranar da aka ce sai ka biya za ka ji, yaron da ke bayan shanu ba shi da ko sisi a waya shi ne farkon wanda za a rufe wa ƙofa, kuma manomin da muke so ya ga iyakar burtali da idonsa ba zai taɓa biya don ya gani ba.

Wanda ya fi kama da namu shi ne babbar taswirar nan ta duniya mai suna OpenStreetMap, wadda aka fara a Ingila a 2004, kuma a cikinta yaranmu suka zana wasu hanyoyinmu. 'Yan sa kai ne ke zana ta, har da samarin Togo, kowa kuma yana ɗauka kyauta. Amma na'urorin da ke ajiye ta suna cin wuta da gyara, saboda haka suka kafa gidauniya a 2006, mambobi suna biyan kuɗin shekara, kamfanonin da ke amfana suna ba da gudummawa. Hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat ma da Amurka ta buɗe wa kowa a 2008, harajin mutanen ƙasar ne ke biyansu. Ashe duk inda ka ga labari kyauta, akwai wanda ke biya a bayan fage, kuma wanda ke biyan shi ne mai ikon kashe fitila.

Misalin da ya fi ratsa mu ba na Turai ba ne, na maƙwabtanmu ne. A Gogunu, arewacin Benin, makiyaya sun daɗe da karɓar ragamar kasuwar shanunsu. Mai saye da mai sayarwa su yi ciniki fuska da fuska, dillalan da suka zama shaidu su tabbatar, malami ya rubuta a takarda, a cire ɗan kuɗi ƙayyadadde a kan kowace dabba. Da wannan kuɗi ake biyan shaidun da malaman, a yi gyaran kasuwa, a ba hukumar gari kasonta. Kasuwanni da yawa a Benin sun kwaikwaye su. Fatakenmu da ke zuwa can sun san ba tatsuniya muke yi ba.

Saboda haka ga abin da kwamitinmu zai gabatar wa babban taro. A raba kuɗin kundi gida biyu. Akwai kuɗin gini, wato sayen babur da na'ura da kafa turakun siminti da auna sabon burtali. Wannan in mai taimako ya zo da shi, marhabin, domin ko ya tafi abin yana nan. Akwai kuma kuɗin cefane, wato mai da katin waya da alli da takarda da alawus ɗin yaran da ke rubutu. Wannan kada mu sake barin sa a hannun baƙo. Ya fito daga kasuwa: sefa 100, wato dala ashirin, a kan kowace saniya da aka sayar, mai saye rabi mai sayarwa rabi, da sefa 25 a kan tunkiya ko akuya. A yi lissafi. Idan kasuwa ɗaya tana sayar da shanu 200 a mako, an samu sefa 20,000 ke nan, a shekara kuwa sefa 1,040,000, ban da na ƙananan bisashe. Wanda ya sayar da sa a kan sefa 300,000, rabonsa sefa 50, bai kai kuɗin goron da zai raba wa waɗanda suka taya shi riƙe igiya ba.

Mun san abin da Alhazai za su ce, kuma suna da gaskiya a wani ɓangare. Falke yana biyan kuɗin shiga kasuwa, da la'ada, da kuɗin lodi, da takardar malamin dabbobi, sa'an nan ga abin da ake karɓa a hanya tsakanin nan da Sokode zuwa Lome, tafiyar fiye da kilomita 600, wanda ba ya da rasit. Ƙarin ko da dala ɗaya yana da ciwo. Shi ya sa kafin mu zo kanku za mu fara zuwa wurin magadan gari. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2019 da aka raba ƙasar nan gunduma 117, kuɗin kasuwa yana shiga asusun gunduma, kuma kowa ya san a wannan yanki na arewa kasuwar shanu tana cikin manyan hanyoyin samunsu. Muna roƙon su ware wani kaso daga abin da suke karɓa tuni, a rubuce, cikin kasafin shekara. Gundumar da ta yarda, ba za a ƙara wa kowa ko sisi a kasuwarta ba. Su ma ai suna amfana, domin kowane rikicin da taswira ta kashe, magajin gari ne ya yi barci.

Wasu fatake kuma sun gaya mana a asirce cewa allon farashi yana rage musu riba, tunda Bafillace yanzu yana zuwa kasuwa ya riga ya san yadda aka sayar a Kunjoware. Haka ne. Amma wannan allo shi ne kuma ke gaya wa falke kasuwar da shanu suka yi yawa da wadda suka yi ƙaranci kafin ya biya kuɗin mota, shi ne ke gaya masa inda boru ya ɓulla kafin ya sayi garken da za a tsare masa a hanya. Wanda ya taɓa asarar lodi guda saboda rashin labari ya san wanne ya fi tsada. Sai masu cewa don me za su biya abin da wanda bai biya ba ma zai karanta. Ai iyayenmu da suka haƙa rijiya a bakin burtali ba su sa mata ƙofa ba, kuma ba su talauce ba.

Akwai wata maganar da ta fi ta kuɗi nauyi. Makiyayi ba ya son a ƙirga masa shanu, kuma yana da dalili, domin tun zamanin jangali ƙirga ba ta taɓa zo masa da alheri ba. Yanzu kuma ga halin tsaro. Tun harin Kpekpakandi na watan Mayun 2022 wanda ya ci sojoji takwas, da dokar ta-ɓaci da aka sa wa wannan yanki a watan Yunin shekarar, aka kuma yi ta sabunta ta, makiyayi yana tsakanin wuta biyu: ɓarayin daji suna kora masa garke, wasu kuma a gari suna yi masa kallon zargi. A irin wannan lokaci, rubuta cewa rugar wane tana wuri kaza da shanu kaza, a sa a intanet, daidai yake da nuna wa kura turke. Don haka muna tabbatar muku ba a taɓa sa sunan mutum, ko wurin rugarsa, ko yawan garkensa, ko lambar wayarsa a cikin kundin nan ba. Burtali na kowa ne, mashaya ta kowa ce, farashi an yi shi a bainar jama'a, waɗannan su ne a buɗe. Abin da ke cikin ruga na mai ruga ne.

Dalilin da ya sa muka kawo wannan a maganar kuɗi shi ne, an taɓa zuwa mana da tayin taimako mai tsoka, amma da sharaɗin yaranmu su riƙa rubuto yawan shanun kowane gida da inda suka kwana. Mun ƙi. Mun iya ƙi ne domin a lokacin akwai mai a babur. Yau da aljihu ya bushe, ba mu da tabbacin kowa a cikinmu zai iya ɗaga kai ya ce a'a, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Daga yanzu duk mai son taimaka wa kundin nan sai ya yarda a rubuce cewa kwafin komai zai zauna a ofishinmu, a na'ura da kuma a takarda, mabuɗin sirri yana hannun mutum uku da taro ya zaɓa, kuma abin da muka ce ba a rubutawa ba za a rubuta shi ba.

Mu ma sai an ɗaure mu. Ba mu manta ba cewa an sha tara kuɗi da sunan makiyaya a ƙasar nan, aka neme su aka rasa, kuma wannan ne ya sa da yawanku ke noƙewa da zarar an ambaci karo-karo. Shawararmu ita ce kuɗin kundi ya zauna a asusu dabam, ba a haɗa shi da na ƙungiya ba. Masu sa hannu uku: ɗaya daga makiyaya, ɗaya daga fatake, ɗaya daga mahauta ko matan da ke sayar da nono, kuma kada ko ɗaya ya kasance cikin masu riƙe da ofis. Kowane wata uku a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita a jikin allon farashin nan, a kuma karanta shi da Hausa da Fulatanci da Moba a tsakiyar kasuwa. Mu da yawancinmu ba mu wuce firamare ba, ba ma bukatar lissafin da sai akanta zai gane. A biya yaran ta waya, domin a samu shaidar kowane biya.

Kafin taro, mambobin kwamiti sun yi karo-karo daga aljihunsu, abin da zai riƙe kasuwa biyu har ƙarshen kaka. Daga mako mai zuwa farashin Dapaong da Sinkase zai koma kan allo. Na Kunjoware da Mango, da labarin ruwa da cuta, sai abin da taro ya yanke. Za a zauna bayan an gama girbi, kafin garkunan rani su fara motsi, kuma za a sanar da ranar ta bakin ardo-ardo da sarakunan zango. Muna roƙon kowane ardo ya tara mutanensa, kowane shugaban fatake ya tara nasa, a zo da amsa a kan sefa 100 ɗin nan, ko e, ko a'a, ko wani adadin da kuka ga ya fi dacewa. Wanda kuma ke riƙe da wayar furoje ko na'urar auna hanya a gidansa, ya taho da ita ranar, ko da ta lalace.